Riƙon da Na Yi wa Baban Halifa a Jami'a

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na je jami'a, kuma ko na so in manta, mutanen layinmu ba za su bar ni ba. Sau ɗaya na taɓa shiga cikinta a rayuwata. Ni da karatuna ya tsaya a firamare, sai ɗan abin da na tsinta a Islamiyya, amma a yini guda na bi tagogi, an buga mini hatimi, an auna ni, an ɗebi jinina, saura ƙiris a miƙo mini katin ɗalibi mai hoton mutum da gemu.

Bari in faro daga tushe, don kada ku ɗauka haka kawai na wayi gari da taɓin hankali.

Kafin in haifi Halifa, tsintar riɗi nake yi a wani sito a Sharada. Mata ne zalla, kowa zaune da tirenta a cinya, muna fitar da tsakuwa da ƙaiƙayi. A wurin akwai abin da muke kira riƙo. Idan ɗanki ya kwana da zazzaɓi, ko an yi muku rasuwa, ba kya barin gurbinki babu kowa, don kafin ki dawo an ba wata. Sai ki tura ƙanwarki ko maƙwabciya ta riƙe miki. Idan mai kiran suna ya kira naki, ta amsa. Idan an tashi, ta dangwala yatsa a madadinki. Shi mai kiran sunan ya sani, mu ma mun san ya sani, abin da ya dame shi buhu ya cika. Ni kaina na taɓa zama Hansatu har ta gama wankan jego, ta kai ko a kasuwa aka kira sunan sai na waiwaya. A haka na san duniya. In dai an tsaya a layi an amsa, to an yi.

Shi kuwa Baban Halifa (ku yi haƙuri, sunansa ba zai fito daga bakina ba ko a rubuce, haka na taso na ga iyayena mata suna yi) a kamfanin fata yake aikin wucin gadi a Challawa, ɓangaren da ake jiƙa fatu a magani. Muna haya a Panshekara. Ya gama sakandare tun kafin aurenmu, kuma tun lokacin yake bibiyar jarrabawar shiga jami'a kamar mai neman aure a gidan da ba a son sa. A kore shi bana, baɗi ya koma. Lokacin hutun cin abinci abokan aikinsa na miƙe ƙafa a kan kwali, shi yana gefe da littafi. Littattafan nan duk warin fata suke yi. A ƙarshe Allah ya yi, aka ba shi gurbi a irin karatun ƙarshen mako da ake yi don ma'aikata. Ranar da saƙon ya shigo wayarsa, ya karanta, ya sake karantawa, sannan ya miƙo mini in gani, alhali ya san Turancin ya fi ƙarfina.

Abu ɗaya ya rage, shi ne tantancewa. Dole a kai takardu a duba kafin ranar rufewa, in ba haka ba gurbin ya tafi. Sai kuma aka dace kamfaninsu ya samu odar gaggawa a daidai makon, ga sabon sufabaiza da ya ce duk ɗan wucin gadin da ya yi fashi, ya ajiye katinsa a geti kada ya dawo. Baban Halifa kuwa mutum ne mai nauyin baki. Kullum zai fita da cewa yau zai yi wa sufabaiza magana, kullum ya dawo bai yi ba. Haka aka yi ta tafiya har ana gobe rufewa.

Da magariba yana cin tuwo, ya ce, "In ban samu fita ba, shi ke nan. Allah bai yi ba. Abincin Halifa ya fi."

A sanyaye ya faɗa, ya ci gaba da cin tuwonsa. Ni ina daga bakin ƙofa, don a 'yan kwanakin warin kayan aikinsa ya fara tayar mini da zuciya, har na tambaye shi ko sun canja magani ne, ya ce maganin da ne. Daga inda nake ina hango yatsunsa a cikin kwano, duk sun yi fari sun tsattsage. Ni kuma mace ce mai zullumi. In Halifa ya yi atishawa, na riga na hango gadon asibiti da ƙarin ruwa. To a zaman nan na hango Baban Halifa da furfura yana jiƙa fatu, na hango Halifa ya girma yana bin sa a baya da takalmin roba, har na hango ɗan Halifa. Kafin ya wanke hannu na gama yanke shawara.

Yana fita bayan asuba, na ciro koren fayil ɗinsa daga ƙarƙashin katifa, na goya Halifa, na leƙa wajen Yaya Ladi. Maƙwabciyarmu ce, tana sayar da shinkafa da wake a bakin getin kamfaninsu, kuma ita ta samo mini aikin riɗi tun farko.

Na ce, "Yaya, a jami'a ana riƙo?"

Ta ɗaga murfin tukunya, ta duba, ta mayar. "Ina ne ba a riƙo? Ba mutane ne a ciki ba?"

"To in sun ce sai shi fa?"

"Ki ce yana wurin aiki. Ƙarya kika yi? Ki gaishe su da kyau, ki rusuna. Kuma je ki sako hijabin nan mai ruwan toka, ya fi kama da na 'yan boko."

Na koma na sako mai ruwan toka.

A zatona jami'a gini ne guda babba, da ofishin hedimasta a bakin ƙofa. Da mai adaidaita sahu ya sauke ni, sai na tarar gari ne sukutum, har da shataletale da masallatai da masu sayar da awara. Amma ban ɓata ba, don sababbin ɗalibai ba sa ɓuya. Kowa ya rungume fayil a ƙirji kamar za a ƙwace, takalmi sabo yana matsa masa ƙafa, yana tafe yana karanta allunan gefen hanya. Na zaɓi wasu 'yan mata masu irin fayil ɗina, na bi bayansu har bakin layi.

A taga ta farko ban ga fuskar mutumin ba, saman hularsa kawai na gani. Na rusuna duk da ba ya kallona, na ce, "Ranka ya daɗe, ina kwana. Na maigidana ne, yana wurin aiki, ni nake riƙe masa."

Ya buɗe fayil, ya lashi yatsa, ya juya takardu, ya buga hatimi. "Na gaba."

A taga ta biyu mace ce, ta matse waya da kafaɗa tana ba wani saƙon yadda za a dafa miya. Na maimaita mata abin da na gaya wa na farko, kalma bayan kalma. Ta gyaɗa kai (ban sani ba ko ni ta gyaɗa wa ko mai miyar), ta cire wasu takardu, ta ba ni ɗan kati mai lamba, ta nuna mini hanyar asibitin makaranta da biro.

Daga nan tafiyata ta canja. Na daina rungume fayil, na riƙe shi a gefe da hannu ɗaya kamar yadda na ga tsofaffin ɗalibai na yi. Wata ma ta tare ni tana tambayar taga ta biyu, na yi mata kwatance har da "ki yi sauri, matar ba ta son jira". Ina cewa a raina, ashe abin da ya hana bawan Allahn nan barci ke nan. Wajen azahar wayata ta yi ƙara, na duba, shi ne. Na san in na ɗauka zai ce in koma gida, ni kuma so nake ya dawo da yamma in ajiye masa fayil kusa da kwanon tuwo, komai an gama, ban ce uffan ba. Ta sake yin ƙara. Na tura ta can ƙasan jaka, ƙarƙashin kayan Halifa.

Abin da ban lura da shi ba sai daga baya shi ne, mutanen taga takarda suke kallo, ba sa kallon mutum. Mutanen asibiti kuma mutum suke kallo, ba sa kallon takarda. Muna shiga aka karɓe fayil-fayil ɗinmu aka tara a kan tebur, aka bar kowa da ɗan katinsa mai lamba. Wani ma'aikaci ya ce maza su bi dama, mata su bi hagu.

Nan na tsaya a tsakiya ina tunani. A ƙa'ida layin maza ne nawa, tunda namiji nake riƙe wa. Amma na dubi layin, samari ne cunkus, wasu ma sun fara cire agogo da takalmi. Na ce a'a, riƙo bai kai nan ba. Na bi hagu.

Sistar da ke awo doguwa ce, ba ta da lokacin kowa. Ta karɓi katin, ta kwafi lambar a wata farar takarda, ta nuna mini sikeli.

"Sauke yaron."

Na ce, "Sista, da kin bar shi, don wanda nake riƙe wa ya fi ni nauyi sosai."

"Baiwar Allah, sauke yaro, layi na jira."

Wata yarinya da ke bayana, mai ɗan tabarau da fara'a, ta karɓi Halifa. Na hau sikeli, na saki jikina iya ƙarfina ko allurar za ta ƙara matsawa. Ba ta matsa ba. Wajen awon tsayi na yi ɗage, Sista ta sa katakon awon ta danna kaina ƙasa. Gwajin ido ne kawai na yi abin kirki. Baƙaƙen dai na san su tun firamare, kuma idon da ya saba raba tsakuwa da riɗi ba ƙaramin rubutu ne zai gagare shi ba. Na karanto har layin ƙasa. Na ji daɗi ƙwarai, na ce ko ba komai na samo wa Baban Halifa maki a nan.

Sai aka ɗebi jini. Sai kuma aka miƙo mini 'yar kwalba aka nuna mini bayi.

A gaskiya a nan ne zuciyata ta fara yi mini magana. Duk riƙon da na yi a sito, ba a taɓa neman wannan ba. Na tsaya a bayin nan da kwalba a hannu ina jujjuya ta. Amma na riga na yi nisa, hatimi na kan takarda, jinina na cikin sirinji. Na ce a raina, ai wannan kowa iri ɗaya yake yi, ba a rubuta sunan mai shi a ciki. Na yi, na kai, na wanke hannu.

Aka ce mu zauna a benci mu jira kira. Maza a benci ɗaya, mu a ɗaya, muna fuskantar juna a wani dogon baranda. Na sa Halifa cikin hijabi yana shan nono. Yarinyar nan mai tabarau ta matso.

"Anti, wane kwas aka ba ki?"

Na tuna abin da yake faɗa. Na ce, "Na haɗa sinadarai."

Ta dube ni, ta dubi ƙafar Halifa da ta leƙo daga hijabi, ta ce, "Kai, sannu Anti. Da goyo kuma. Allah ya ba da sa'a." (Ya kamata in gyara mata. Ban gyara ba. Daɗin girmamawar ne ya riƙe mini baki, tunda ban taɓa samun irinta ba.)

Can aka haɗa fararen takardu da fayil-fayil, aka fara kiran suna ɗaya bayan ɗaya. Sista ta fito ta kira sunan Baban Halifa, har da na mahaifinsa. Ta dubi bencin maza. Shiru. Ta sake kira da ƙarfi. Sai na ɗaga hannu kamar yadda muke yi a sito, na ce, "Na'am."

Ban san baranda na iya yin shiru haka ba. Duk kawunan da ke wurin suka juyo. Wani saurayi da ke cin gyaɗa ya tsaya da ita a bakin leɓe. Na miƙe, na gyara goyo, na bi Sista.

Ɗakin likita ba shi da ƙofa, labule ne, shi ma shara-shara. Likitar dattijuwa ce, tabarau a ƙarshen hanci, da jan lalle a tafin hannu. Ita ce mutum ta farko a jami'ar nan da ta kalli takarda kuma ta kalli mutum. Ta dubi hoton da ke manne a fayil. Ta dube ni. Ta sake duban hoton.

"Wannan wane ne?"

"Baban Halifa ne, Hajiya."

"Ke kuma fa?"

"Ni nake riƙe masa."

"Riƙe masa me?"

Na zauna na yi mata bayani tiryan-tiryan, tun daga odar gaggawa da sufabaiza har zuwa yadda ake yi a sito. Har misali na kawo mata da Hansatu. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta ajiye biro.

"'Yata, kin san sunan abin da kika yi? Sojan gona. In na rubuta shi na tura sama, an soke gurbin mijinki ke nan, kuma ba lalle ne a sake karɓarsa ba."

Duk zullumin da na yi a daren jiya, na hango sufabaiza ya hana shi, na hango an rufe taga, na hango mota ta lalace a hanya, amma ban hango ni ce zan kashe maganar da hannuna ba. Mutum ya yi shekaru yana karatu a kan kwali, ni na zo da hijabi mai ruwan toka na gama da shi kafin la'asar. Na buɗe baki in roƙe ta ke nan.

Sai na ji tafiyar takalmin roba a baranda, ƙwaf, ƙwaf. Kafin in ji muryarsa na ji warinsa.

"Don Allah, ba ku ga wata mata da goyo da koren fayil ba?"

Benci biyu suka amsa masa baki ɗaya, "Ga ta can bayan labule."

Likita ta ce a shigo da shi. Ya shigo da rigar aiki, gumi na zuba, yana haki. Bai dube ni ba, ya durƙusa ya gaishe ta. Ni kuma warin nan ya cika ɗan ɗakin, zuciyata ta taso, na toshe hanci da bakin hijabi. Na ga likita ta lura da hakan. Ta ɗauki farar takardar, ta gyara tabarau.

"Malam, kai ne mai wannan sunan?"

"Ni ne, Hajiya."

"To bari in gaya maka halin da lafiyarka take ciki, bisa abin da ke gabana. Tsayinka bai kai kafaɗarka ba. Nauyinka ya yi kaɗan. Idonka garau, ma sha Allah. Jininka ya ɗan yi ƙasa." Ta dakata, ta dube shi ta saman tabarau. "Kuma kana ɗauke da juna biyu."

Ba ta ɗaga murya ba, in faɗi gaskiya. Amma labulen shara-shara ne, kuma tun da na ce na'am babu wanda ya ƙara yin ko tari a barandar nan. Sai wata murya daga bencin maza ta ce cikin ladabi, "Allah ya raba lafiya."

Shi kuma Baban Halifa, mutumin da bai taɓa jin addu'a ya ƙyale ba, ya ce, "Amin."

Dariyar da ta tashi a barandar nan, har yau in na rufe ido ina jin ta. Ni dai na sunkuyar da kai ina kallon tayil. Cikin fari ma sai da ya fito fili kafin in yarda a gida, ko mahaifiyata ban iya gaya wa da bakina ba. Ga shi wannan, wanda ni kaina ban san da shi ba, an sanar da shi ga sababbin ɗalibai na kowane sashe. Kuma ga Halifa a baya ko tsayuwa bai fara ba. Kwanika ke nan, ba wani suna. Ni da ina cikin masu yi wa Hansatu dariya lokacin nata.

Likita ta kira Sista. "Ta gaya miki ba ita ba ce?"

Sista ta ce, "Ta dai ce wani abu a kan nauyi."

Nan bakina ya buɗe. Na ce, "Hajiya, wallahi na faɗa a taga ta farko, na faɗa a ta biyu, na faɗa wa Sista. Ban ɓoye wa kowa ba. Ku hukunta ni, amma shi bai ma san na fito ba."

Ta cire tabarau tana murza ido. Na ga kafaɗunta na motsi, ban sani ba ko gajiya ce. Can ta ce, "Ban taɓa ganin sojan gonar da ke shelar kansa a kowace taga ba." Ta zare farar takardar daga fayil, ta ninke, ta miƙo mini. "Wannan taki ce, ba ta jami'a ba. Ki fara zuwa awo, kuma ki riƙa cin ganye." Ta juya wajensa. "Kai kuma cire takalman nan ka je a auna ka. In ka gama ka koma tagogin nan su ga fuskarka kafin su rufe. Ka ce ni na ce su ɗaga kai."

Fitowa daga bayan labulen ita ce tafiya mafi tsawo da na taɓa yi, alhali barandar ba ta fi tsakar gidanmu ba. Kowa ya gyara ƙafa ya ba ni hanya, irin yadda ake yi wa mai ciki. Yarinyar mai tabarau ta bi ni da ido, ta ce a hankali, "Anti, Allah ya sauke ki lafiya. Ashe sinadaran na maigida ne."

Na zauna a gindin wata bishiyar darbejiya na jira shi. An auna shi, an ɗebi nasa jinin, ya koma tagogi, ya samu ta ƙarshe ana shirin jan ƙyaure. A gwajin ido kuwa layukan ƙasa sun gagare shi, aka ce ya nemi tabarau. (Na so in ce da sun bar masa nawa, amma na ga ba lokacinsa ba ne.)

Muka shiga adaidaita sahu, muka yi ta tafiya har muka wuce Sharada. Ina ta jiran faɗa, na shirya kuka, na shirya ban haƙuri. Sai da muka hau titin Panshekara ya fara magana, yana kallon waje. Ashe lokacin hutu ya fito geti sayen abinci, Yaya Ladi tana zuba masa wake ta ce, "Ci abincinka hankali kwance, matarka ta tafi riƙe maka." Ya ce bai san lokacin da ya ajiye kwanon ba. Maganar da ya kwashe mako yana jin nauyinta, a tsaye ya shiga ofis ya faɗe ta: "Oga, matata ta tafi jami'a da sunana." Sufabaiza ya dube shi, ya rasa ta inda zai fara, ya ce in akwai mai tsaya masa ya tafi. Ya ruga masallacin bakin geti ya taso Malam Isuhu, wani mutumin Nijar da ya sauka daga aiki yana hutawa, shi ya riƙe masa.

Na ce, "To ka ga ai ana riƙo."

Ya ce, "A kamfani."

Halifa ya yi barci, kansa na lilo a bayana. Muna dab da sauka ya dubi takardar da ke ninke a hannuna, ya ce, "Ashe ba su canja magani ba."

Na ja hijabi na rufe fuska, shi kuma na ji yana ƙoƙarin mayar da dariya tari.

Kafin magariba labari ya riga mu zagaya layi, ban san ta ina ya bi ba. Yaya Ladi ta wanke hannunta tas. Ta ce, "Ni layi na ce ki riƙe. Na ce ki ba da jini?" Surukata ta zo daga ƙauye ta dubi Halifa, ta dube ni, ta ce a fara ba shi kunu. A jami'a kuwa, tun ranar farko da ya shiga aji wani ya gane shi, kuma har yanzu da yake shekarar ƙarshe 'yan ajinsu Mai Jego suke kiransa. Yana amsawa. Ranar suna ma sun zo, da sabulu da turmin atamfa, suka ce nasa ne.

Yarinyar da aka haifa tana da sunanta na yanka, amma babu mai kiranta da shi. 'Yar Jami'a ake ce mata. Uban yana cewa duk gidan ita ce aka fara tantancewa, shi bayanta ya bi.

Abin da na koya bai da yawa. Ana riƙe wa mutum layi, ana riƙe masa aiki, ana riƙe masa yaro ya hau sikeli. Amma duk inda aka miƙo miki kwalba aka nuna miki bayi, to riƙo ya ƙare, ki ajiye ki kira mai abin. Kuma in miji ya kira waya har sau biyu, a ɗauka. Na koma sito bayan na yaye ta, har yanzu muna riƙe wa juna, kuma ban daina ba. Sai dai yanzu duk wadda ta ce in riƙe mata, nakan fara tambaya: akwai awo?